Rigakafi Ya Fi Magani

A kowane gari akwai tsofaffi waɗanda suka ga jikokinsu, wasu har da tattaɓa-kunne. Idan aka tambaye su labarin ƙuruciyarsu, sukan lissafa ƴan'uwansu da yawa waɗanda ba su girma ba. Wani agana ta ɗauke shi, wani ƙyanda, wani kuwa zawo na kwana uku. A zamanin can ba abin mamaki ba ne mace ta haifi ɗiya takwas, ta binne uku ko huɗu tun suna ƙanana.

A shekarar 1960, lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai, matsakaicin tsawon ran ɗan ƙasa bai kai shekara 40 ba. A shekarar 2020 ya wuce shekara 60. Wannan lissafi ba ya nufin mutanen da ba su tsufa. Ga misali: yara biyu aka haifa rana ɗaya. Ɗaya ya rasu yana da shekara 1, ɗaya ya kai shekara 71. Idan aka haɗa 1 da 71 aka raba biyu, za a samu 36. Ashe mutuwar ƙananan yara ita ce ke jan lissafin ƙasa. Duk yaron da aka tsare daga cuta, an ƙara wa gari tsoho ɗaya ke nan.

Rai da ajali a hannun Allah suke. Amma manomi ma ya san ruwan sama ba a hannunsa yake ba, duk da haka yana sharar gona, yana shuka, yana noma. Haka kiwon lafiya yake. Aikin da ake yi domin a tare cuta tun ba ta shiga jiki ba, shi ake kira rigakafi.

1. Cututtuka biyu da aka kora

Agana cuta ce mai tsanani. Cikin mutum goma da ta kama, kamar uku suke mutuwa. Waɗanda suka tashi, ta bar musu zanzana a fuska, wasu kuma ta makantar da su. Ba a taɓa samun maganin da ya kore ta ba. A shekarar 1796 wani likita na Ingila mai suna Edward Jenner ya gano hanyar yi wa mutum lamba domin kada ta kama shi. Daga 1967 ma'aikatan lafiya suka bi ƙasashen Afirka gari gari, kasuwa kasuwa, suna yi wa jama'a lamba. Mutum na ƙarshe da ya ɗauki agana daga wani cikin gari, a Somaliya ne, a 1977. A 1980 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sanar cewa agana ta ƙare a duniya. Har yanzu akwai dattawa masu tabon lambar nan a dantse.

Kurkunu kuwa tsutsa ce doguwa, tana iya kai mita ɗaya. Ɗiyanta suna zaune cikin wasu ƙananan ƙwari na ruwan tabki. Mutum ya sha ruwan, bai san ya haɗiye su ba. Sai bayan kamar shekara guda tsutsar ta fasa fata, yawanci a ƙafa, da zafi kamar wuta. Mai ciwon ya tsoma ƙafar cikin tabki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba ɗiyanta a ruwa, wani ya zo ya sha. Abin baƙin ciki, da damina take fitowa, daidai lokacin noma. Magidanci ya kwanta wata ɗaya ko biyu, ciyawa ta cinye gona, kaka ta yi rumbu ba kome.

A 1991 an ƙidaya fiye da mutum dubu 30 masu kurkunu a Nijar. Kurkunu ba ta da magani, ba ta da lamba. To, da me aka yaƙe ta? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin famfo, da hana mai ciwon shiga tabki. A 2013 OMS ta tabbatar babu sauran kurkunu a Nijar. Yawancin ƴan makaranta na yau ba su taɓa ganinta ba.

2. Hanyoyin da cuta ke bi

Cututtuka da yawa ƙwayoyin cuta ne ke kawo su. Ƙwayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ba su da ƙafa, ba su da fiffike. Dole sai wani abu ya ɗauke su ya kai su jikin mutum. Manyan hanyoyinsu huɗu ne:

– ruwa da abinci marasa tsabta;
– hannu da ƙuda;
– cizon ƙwaro, kamar sauro;
– iska, wato tari da atishawar mai ciwo.

Wanda ya san hanyar da ɓarawo ke shigowa, ya san inda zai gyara danga. Kowace hanya cikin huɗun nan ana iya toshe ta.

3. Ruwa da hannu

Ruwa yana iya zama garau a ido amma yana ɗauke da cuta. Zawo, da atini, da kwalara, da tsutsar ciki, duk daga bayan gidan mutum suke fita, su koma bakin wani. Idan mutum ya yi bayan gida a fili, ruwan sama ya kwashe shi zuwa tabki ko rijiya. Ƙuda ya sauka a kansa, ya tashi ya sauka a kan tuwo. Saboda haka kowane gida ya kamata ya samu salanga mai marufi, nesa da rijiya. Kashin jariri ma a salanga ake zuba shi, don shi ma yana da cuta kamar na babba.

Ruwan famfo da na rijiya mai baki da marufi sun fi na tabki. Idan ba a yarda da ruwa ba, sai a tace shi, a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin takardarta. Ruwa mai kyau kuma yana iya ɓaci a cikin gida. Randa tana son wanki da marufi, da moɗa guda wadda ba a ajiye ta a ƙasa. Guga da igiya a rataye su, kada a bar su cikin taɓon da bisashe ke takawa.

Wanke hannu da ruwa kaɗai bai isa ba, sai da sabulu. In babu sabulu, toka mai tsabta ta fi babu. Ana wanke hannu bayan an fito salanga, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a dafa abinci, da kafin a ci, da kafin a ba yaro. Akwai wata al'ada da ke son gyara: mutum shida su tsoma hannu cikin ƙwarya ɗaya kafin cin tuwo. Na ƙarshe da dauɗar mutum biyar ya wanke hannunsa. Abin da ya fi kyau shi ne a zuba wa kowa ruwa da buta.

Wanka cikin tabki shi ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini. Wasu yara suna ɗaukar fitsarin jini alamar girma ce. Ba haka ba ne. Tsutsa ce ke shiga ta fata, tana ɓata mafitsara a hankali, kuma akwai maganinta a likita.

Idan zawo ya kama yaro, abin da ke kashe shi shi ne ƙarewar ruwan jiki. Idanunsa su faɗa, bakinsa ya bushe, maɗigar jariri ta lotsa. Kuskure ne a hana shi sha wai don zawon ya tsaya. Shuka in ta yi yaushi ruwa ake ba ta. A likita ana ba da ƙunshin garin gishiri da sukari, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. In ƙunshin bai samu ba, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. A riƙa ba yaron kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan akwai jini cikin zawon, ko yaron ya kasa sha, a kai shi likita nan da nan.

4. Sauro da masassara

Mutane da yawa suna cewa ɗanyen hatsi, ko sabuwar masara, ko dukan ruwan sama shi ke kawo masassarar damina. Gaskiya ne lokacinsu ɗaya, amma ba su ne sanadi ba. A 1880 wani likitan Faransa mai suna Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin mai masassara. A 1897 Ronald Ross ya gano ta cikin cikin sauro a ƙasar Indiya. Tun daga nan aka san mai laifi.

Macen sauro ce ke cizo, kuma da dare take yawo. Ta sha jinin mai ciwo, bayan ƴan kwanaki ta ciji mai lafiya, ta zuba masa cutar. Cikin ruwa kwantacce take ƙwai: kududdufi, da ramin da aka ɗebi ƙasar gini, da sawun shanu. Cikin kwana goma ko kusa da haka ƙwan ya zama sauro. Shi ya sa masassara ke yawa daga tsakiyar damina har zuwa kaka.

Babba yakan kwanta kwana kaɗan ya tashi. Amma ƙaramin yaro da mace mai ciki, masassara tana iya shanye musu jini. Yaro yana iya suma, yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga abin da ke tsare su:

– kwana cikin sange mai magani kowane dare, ko ɗaki ko waje, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, a ɗinke shi in ya yage;
– cike ramuka da gyara hanyar ruwan wanka;
– karɓar maganin rigakafin da ake raba wa yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata da damina, a sha shi kwana uku cikakku;
– kai mai zafin jiki likita a ranar, a auna jininsa kafin a ba shi magani.

Sange ba na kamun kifi ba ne, ba na shingen garka ba ne. Wanda aka ajiye cikin akwati kuma bai tsare kowa ba.

5. Lamba

Jikin mutum yana da dakaru cikin jini masu yaƙi da cuta. Amma in baƙuwar cuta ta zo, kafin su gane ta ta riga ta yi ɓarna. Lamba, wato allurar rigakafi, ita ce ke nuna musu kamannin abokin gaba tun bai zo ba. Ana sa wa jiki ƙwayar cuta wadda aka kashe ko aka karya ƙarfinta, ko wani ɗan yanki nata. Jiki ya koyi yaƙi da ita. Ran da ta gaske ta zo, sai ta tarar da shi a shirye. Ɗan zafin jikin da yaro kan yi bayan lamba alama ce ta wannan koyo, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ana fara lamba tun ranar haihuwa, da ta tarin fuka da ɗigon shan inna. Sai a koma a mako na 6, da na 10, da na 14, domin tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da wasunsu. A wata na 9 sai ta ƙyanda, wadda ake kira dussa ko baƙon dauro, da ta shawara. Ta ƙyanda ana maimaita ta a shekara ta biyu. Lamba ɗaya ba ta isa ba, sai an cika su duka. Shi ya sa ake rubuta su cikin karne, kuma karne abin adanawa ne kamar takardar haihuwa.

Sanƙarau yana zuwa da rani, lokacin ƙura da zafi. Alamominsa zafin jiki, da ciwon kai mai tsanani, da sandarewar wuya. A 1996 ya kashe dubban mutane a ƙasashen Sahel. A 2010 aka fara sabuwar lambarsa a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma irin da ya fi ɓarna a da ya kusa ɓacewa. Amma sanƙarau iri iri ne. A 2015 wani iri dabam ya kama mutane da yawa a Yamai da kewaye. Saboda haka duk lokacin da aka yi shelar lamba, kowa ya fito.

6. Abinci

Cika ciki dabam, ciyar da jiki dabam. Abinci kashi uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali da mai. Akwai mai gina jiki: wake, gujiya, ƙuliƙuli, nono, ƙwai, kifi, nama da fara. Akwai mai tsare jiki: zogale, kuka, rama, yakuwa, kabewa, karas, tumatir, mangwaro, gwanda da lemu. Jiki yana bukatar kashi ukun nan kowace rana. Ba sai mai kuɗi ba: tuwon hatsi da miyar kuka da ɗan wake ya haɗa su duka. Kwaɗon zogale da ƙuliƙuli ya fi biskit na kanti amfani nesa ba kusa ba.

Rashin wasu abubuwa cikin abinci yana da cutarsa. Yaron da ba ya samun ganye da kayan marmari masu launin ja ko rawaya yana iya yin dundumi, ya kasa gani da magariba. Rashin sinadarin iyod yana kawo maƙoƙo, shi ya sa ake sa shi cikin gishirin kasuwa.

Abincin jariri na farko shi ne dakashi, wato nonon fari mai kauri da ke zuwa bayan haihuwa. Wasu suna matse shi su zubar, wai ba shi da kyau. Alhali kuwa cike yake da abin da ke tsare jariri daga cuta. Har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, ko da bazara. Daga wata 6 sai a ƙara masa kunu mai kauri wanda aka sa wa garin gujiya ko na wake, a ci gaba da nono har shekara 2. Kunu tsararo yana cika ciki amma ba ya hana tamowa. Mace mai ciki kuma ta riƙa zuwa awo, ta haihu a likita.

7. Cututtukan da ke zuwa a hankali

Akwai cututtukan da ba a ɗauka daga kowa. Halin cin mutum da zamansa ne ke taimaka musu, shekara da shekaru. Manyansu su ne hawan jini da ciwon sukari. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin lafiya lau, rana ɗaya ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba a gane shi sai da awo. Ya kamata kowane babba ya riƙa zuwa ana auna jininsa ko ba ya jin ciwon kome.

Gishiri mai yawa yana hawar da jini. Abin da babba ke bukata a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya na kanti. Sukari mai yawa cikin shayi da lemun kwalba yana ɓata haƙora, yana kawo ƙiba. Asuwaki ko buroshi safe da dare shi ke tsare haƙora har tsufa.

Taba tana ɓata huhu da zuciya, tana kawo ciwon daji. Tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara a duniya, har da waɗanda ba su sha, hayaƙin wasu kaɗai suke shaƙa. Yawancin masu shanta tun suna samari suka fara, don kwaikwayon abokai. Ƙin farawa ya fi bari sauƙi. Haka kuma ƙwayoyin da wasu matasa ke sha wai don su ji ƙarfin aiki: ƙarfin aro ne, jiki ne ke biya daga baya. Maganin da ake yawo da shi a kan tire cikin rana kuwa, zafi ya ɓata shi, wani ma jabu ne. Magani a likita ko farmasi ake karɓarsa.

Jiki yana son motsi. Yaro yana bukatar wasa ko aiki na awa ɗaya aƙalla kowace rana: gudu, langa, ƙwallo, kokowa, tafiya da ƙafa. Yana kuma bukatar barcin awa 9 ko fiye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Halin da yaro ya saba da shi a makaranta, da shi zai tsufa.

8. Aikin kowa ne

A Nijar, cikin yara 1000 da aka haifa, 226 ne ba su kai shekara 5 ba a lissafin 1998. A 2009 sun ragu zuwa 128. Abubuwan da suka kawo wannan ragi ba su da wuya: sange, da ƙananan gidajen likita a karkara, da kula da yara kyauta tun 2006, da yaƙi da tamowa. Amma aiki bai ƙare ba, don masassara da zawo da ciwon haƙarƙari suna nan suna ɗaukar yara.

Ɗan makaranta ba likita ba ne, amma ya iya karatu. Shi ke iya duba karnen ƙanensa ya faɗa wa innarsa ranar komawa lamba. Shi ke iya ɗaura sange da magariba, ya rufe randa, ya kawo buta da sabulu kafin a ci tuwo. Sabulu guda bai kai kuɗin amalanken da za ta kai mara lafiya likita ba.

Abin riƙewa

Cuta tana da hanya, kuma ana iya toshe hanyar. Ruwa mai tsabta, da wanke hannu, da salanga, da sange, da lamba, da abinci kashi uku su ne ke tsare yaro. Rage gishiri da sukari, da ƙin taba, da motsa jiki, da zuwa awo su ne ke tsare babba.

Ma'anar kalmomi

Zanzana: tabon da agana ke bari a fata.
Dakashi: nonon farko bayan haihuwa.
Tamowa: ramar yaro saboda ƙarancin abinci mai gina jiki.
Dundumi: rashin gani da dare.
Matsakaici: abin da ake samu in an haɗa lambobi an raba da yawansu.

Tambayoyi

1. Don me kurkunu ke kawo yunwa a gida?
2. Da me aka kori kurkunu daga Nijar, tun da ba ta da magani?
3. Waɗanne hanyoyi huɗu cuta ke bi?
4. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari?
5. Don me ake cewa hawan jini ba ya sallama?
6. Mutum uku sun rayu shekara 2, da 64, da 75. Nawa ne matsakaicin shekarunsu?

Aiki

Kowane ɗalibi ya rubuta abin da aka ci a gidansu jiya, ya raba shi kashi uku, ya nuna kashin da ya yi ƙaranci. Sa'an nan ya tambayi wani tsoho ko tsohuwa labarin agana ko kurkunu, ya zo ya ba ƴan aji.